Yadda ake gano bakteriyar da ke ɓata cikin jakfurut

A Filifin da Malesiya akwai cutar da ke jawo asara a ɓoye ga manoman jakfurut (wani ƙaton ɗan itace mai ƙurji-ƙurji a bawo): ɗan itacen lafiya lau daga waje, sai an fasa a tarar naman ciki ya yi tsatsa-tsatsa. Bakteriyar Pantoea stewartii ce ke jawo ta, wadda ita ce kuma ke sa masara yaushi a Amurka.

1. Fara duba bawon. In ka ga laushi da baƙin fumfuna kamar gashi, musamman a kan ƙananan 'ya'ya, wannan aikin fumfunar Rhizopus ne, ba bakteriya ba.

2. Goge wuƙa da sifirit, ka tsaga ɗan itacen biyu. Kalli naman da zaruruwan da ke tsakaninsa da kyau. Ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa, ko rawaya mai komawa ja-ja, su ne alamar da kake nema.

3. Yanki ɗan guntu daga iyakar da lafiyayyen nama ya haɗu da mai ciwo. Kada ka ɗebo daga tsakiyar ruɓar, nan tarkacen ƙwayoyi iri-iri suke taruwa, su rikitar da gwajin. Nan mutane da yawa ke yin kuskure, kuma abin takaici ne a yi asarar samfur a banza.

4. Saka shi a leda mai tsabta, ajiye a sanyi, ka kai ɗakin gwaji ba tare da jinkiri ba.

5. Can za a raini ƙwayar a faranti, inda take fitowa rawaya, a tabbatar da ita ta gwajin PCR (gwajin da ke gano ƙwayar ta hanyar ƙwayoyin gadonta), sannan a sa wa lafiyayyen ɗan itacen a ga ko tsatsar za ta sake bayyana.