Yadda ake gyaran tsohon gida mai tarihi ba tare da an yi aikin baban giwa ba

Yawancin waɗanda na ga sun sayi tsohon gida mai tarihi, birkila da kafinta suke fara nema. Kafin a kai nan akwai aikin takarda, kuma a wurinsa mutane suka fi asarar kuɗi da lokaci. Ina ɗauka ka riga ka saya, mabuɗi na hannunka, don haka ba zan tsaya kan ciniki ba.

Abu na farko, gano hukumar da gidan yake ƙarƙashinta. Kada ka yarda da abin da adireshi ya gaya maka. Sunan garin da ke bayan ambulan, gidan waya ne ya zaɓe shi don sauƙaƙa wa ma'aikatansa rabon wasiƙu. Iyakar gari ko ta ƙaramar hukuma kuwa doka ce ta shata ta, kuma sau da yawa biyun ba sa dacewa. A Amurka an fara amfani da lambar ZIP, wato lambar yanki ta gidan waya, a 1963, kuma hanyoyin masu kai wasiƙa take bi. Lamba ɗaya tana iya ratsa garuruwa biyu ko uku, har akwai kaɗan da suka tsallaka iyakar jiha. Sai ka ga gida da sunan birni a adireshinsa alhali yana wajen birnin, gunduma ce ke da iko da shi. A Faransa lamba ɗaya takan haɗa ƙauyuka da dama, kowanne da magajin garinsa. A Birtaniya ma akwai yankunan lamba da suka haɗa wani ɓangaren Ingila da wani na Wales ko Scotland.

Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne izinin gini, harajin gida, ruwan famfo, magudana, kwasar shara, duk iyakar hukuma suke bi, babu ruwansu da gidan waya. Na ga wanda ya biya aka zana masa taswirar gyara bisa ƙa'idojin birnin da ke adireshinsa, ya kai takardu, ya zauna jira, daga baya aka ce masa gidan nan ba nasu ba ne. Hukumar da ke da iko da shi kuma sharuɗɗanta daban, sai da aka sake zanen daga farko.

Hanyar ganewa ba wuya. Ɗauko takardar mallaka ka nemo lambar fulotin, ba lambar da ke jikin ƙofa ba. Duba takardar haraji ta ƙarshe ka ga wa aka biya. Sannan ka kai lambar fulotin ofishin rajistar filaye a nuna maka ita a taswirarsu. Idan gidan yana daf da iyaka, ɗauki safiyo. Kuɗinsa bai kai na rushe katanga ɗaya da aka gina ba bisa ƙa'ida ba. A ra'ayina amsar baki ba amsa ba ce, ka nemi a ba ka a rubuce da hatimi. Kuma ka tuna tsohon gida ya girmi iyakokin yau. Birane suna faɗaɗa su haɗiye unguwanni, ana sauya sunayen tituna, ana sake lambobin gidaje. Tsofaffin takardu da hotunan gidanka suna iya kasancewa a ma'ajiyar wata hukuma da ta rabu da shi tuntuni, a ƙarƙashin wani sunan titi.

Na biyu, tambayi matsayin gidan a dokar adana kayan tarihi. Nan ma ana yawan ruɗewa. A Amurka dokar 1966 ce ta kafa rajistar wuraren tarihi ta ƙasa, amma shiga rajistar kaɗai ba ya hana mai gida yin abin da ya so da kuɗin aljihunsa. Dokar gari, idan gidan ya faɗa cikin unguwar da aka ware a matsayin ta tarihi, ita ce ke iya hana ka sauya ko da taga. Rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari da gwamnatin tarayyarsu ke bayarwa kuwa na ginin da ke kawo kuɗi ne, kamar na haya, ban da wanda kake zaune a ciki. A Ingila gidan da aka yi wa rajista, taɓa shi ta hanyar da za ta sauya kamanninsa ba da izini ba laifi ne da ake gurfanarwa a kotu, kuma kariyar ta haɗa da cikin gidan. A Faransa, ko gidanka ba shi da rajista, kusancinsa da wani ginin tarihi, tazarar mita 500 a ƙa'idar da aka fi sani, yana iya sa sai masanin gine-gine na gwamnati ya duba aikinka.

Na uku, ɗauki hoton komai kafin ka cire ƙusa ɗaya: kowace ƙofa, kowace tsaga, kowane ado. Abin da ka cire ka sa masa lamba ka adana.

Na huɗu, ruwa. Babu abin da ke kashe tsohon gida kamarsa. Fara daga rufi, ka sauko kan indararo, sannan ka duba ko ƙasar da ke gindin bango tana kai ruwa waje ko tana tara shi. Kada ka kashe ko sisi a kan fenti ko ɗakin girki muddin akwai yoyo. Bayan an toshe, ba bango lokaci ya bushe. Bango mai kauri yana iya ɗaukar watanni, kuma wanda ya yi gaggawar yaɓe zai yi sau biyu.

Na biyar, kada ka bari a kawo siminti kusa da tsohon bango. A 1824 Joseph Aspdin ya yi wa simintin Portland rajista a Ingila, kuma an daɗe bayan haka kafin ya game duniya, don haka gidaje masu yawa da kwaɓin farar ƙasa da yashi, ko da laka, aka gina su. Irin wannan kwaɓin ya fi tubalin laushi, yana barin danshi ya fita, yana kuma jure ɗan motsin gini. Siminti yana da tauri, yana kulle danshi a ciki, sai tubalin ya fara ɓarɓashewa ko laka ta ruɓe a bayan yaɓen da ke nuna lafiya lau daga waje. Magini zai ce maka siminti ya fi sauri da arha. Gaskiya ya faɗa, amma ba shi zai biya kuɗin ɓarnar ba. Nemi wanda ya taɓa aikin farar ƙasa ko laka, ka je ka ga aikinsa da idonka.

Tagogi da ƙofofin asali a gyara su, a yanke wurin da ya ruɓe ko gara ta ci a dasa sabon katako irinsa. Abin da ya ɓace kuma ba ka da hotonsa, kada ka ƙirƙira. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi ta tsaya a kan cewa gyara ya dakata inda zato ya fara.

Kafin goge tsohon fenti a gwada shi, domin yana iya ƙunsar dalma. Sai a 1978 Amurka ta haramta irinsa a gidaje. Haka asbestos, wani zaren ma'adini mai illa ga huhu da ke cikin wasu rufi da silin, ƙwararru za ka bar wa. Wayoyin lantarki da bututun ruwa a sauya su kafin yaɓe, a bi ta hanyoyin da ke akwai maimakon sassaƙe bango. Fenti shi ne ƙarshe, kuma mai barin bango ya sha iska. Da aka gama, kira hukumar da ta ba ka izini ta zo ta duba, ka karɓi takardar kammalawa ka haɗa da ta mallaka, domin ita kamfanin inshora da mai saye na gaba za su fara tambaya.