Yadda ake kwaikwayon harshen wuta mai hargitsi a kwamfuta

Wahalar wannan aiki wuri guda take. Bisa dokar Arrhenius, zafi na ƙaruwa kaɗan sai saurin ƙonewa ya yi tsalle, alhali a cikin iska mai hargitsi zafin kowane wuri hawa da sauka yake yi ba ƙaƙƙautawa. Idan ka ɗauki matsakaicin zafi ka lissafa saurin ƙonewa da shi, amsar za ta kauce nesa. Wannan giɓin ne ake fama a toshe.

Ka fara da wutar da aka riga aka auna, domin ka sami abin da za ka kwatanta sakamakonka da shi. Wadda aka fi amfani da ita ita ce Flame D, da Barlow da Frank suka auna a ɗakin bincike na Sandia a Amurka: bututu mai faɗin milimita 7.2 yana feso cakuɗar iskar gas ta metan kashi 25 da iska kashi 75 cikin ɗari, a gudun mita 49.6 a daƙiƙa, lambar Reynolds (ma'aunin yadda kwarara ke hargitsewa) 22,400. Akwai ƙaramar wuta kewaye da bakin bututun da ke riƙe babbar, zafinta kusan 1,880 a ma'aunin Kelbin.

Kafin ka taɓa raga, wato ƙananan gidajen da ake rarraba filin lissafi a cikinsu, gwada sinadaran su kaɗai a Cantera, manhajar lissafin sinadaran ƙonewa. GRI-Mech 3.0, jerin matakan da sinadarai ke bi wajen ƙonewar metan, na da sinadarai 53 da haɗuwa 325. Idan metan da iska sun haɗu daidai gwargwado, ya kamata ka ga zafi wajen Kelbin 2,225 da gudun wuta kusan santimita 38 a daƙiƙa. In ka rage jerin don sauƙin lissafi, sake wannan gwajin, domin gajeren jeri mai mataki ɗaya ko biyu yakan zuzuta zafi a inda makamashi ya yi yawa.

Sai hanyar lissafa hargitsin; manyan hanyoyin uku ne: DNS, RANS da LES. DNS tana bin kowace guguwa har mafi ƙanƙanta, tsadarta kuwa sai manyan cibiyoyi. RANS matsakaici kawai take bayarwa, amma kwamfutar tebur na iya ɗaukarta, don haka da ita za ka fara. LES tana lissafa manyan guguwa ta ƙiyasta ƙanana, kuma ana so ragar ta kama aƙalla kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin hargitsin.

Kada ka kunna wuta tukuna. Bari iskar ta gudana da sanyinta a manhajar lissafin kwarara, OpenFOAM ko Fluent, ka duba yadda feshin ke buɗewa. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: tsarin k-epsilon na asali, wanda RANS ke ƙiyasta hargitsi da shi, yana buɗe feshi mai zagaye fiye da kima, sai wutar ta fito gajera, a ɗora laifin kan sinadarai alhali ba ruwansu. Maganin da aka saba shi ne ɗaga C1, ɗaya daga cikin tsayayyun lambobin tsarin, daga 1.44 zuwa 1.6. Ka kuma tsukake ragar a leɓen bututu, inda makamashi da iska ke fara gogayya.

Wajen haɗa hargitsi da ƙonewa, dabarar Peters ta ƙananan harsunan wuta tana ajiye sinadaran a jadawali tun da farko, shi ya sa take da sauri, kuma ta dace da Flame D. Amma mai sauƙin cikinta ba ta ganin inda wuta ke mutuwa ta sake kamawa, abin da ya yi yawa a Flame F, 'yar'uwar Flame D mai feshi da ya fi gudu. Wata dabarar, EDC ta Magnussen, tana warware sinadaran a kowane gidan raga, sai dai tana cin lokaci sosai.

Da ka kunna, riƙe lambar Courant (yawan gidajen raga da iska ke ratsawa a matakin lokaci ɗaya) ƙasa da 0.5, ka ba sinadaran mai warware lissafi na musamman, domin wasu haɗuwar na ƙarewa cikin ƙiftawar ido, wasu na jan ƙafa. Idan zafi ya haura Kelbin 3,000 lissafin ya tsaya cak, yawanci matakin lokaci ne ya yi girma ko wani gidan raga ya karkace. Kada ka manta zafin da wuta ke haskawa waje. Rashin sa shi a lissafi na ɗaga zafin da kake gani, kuma iskar NO (nitric oxide), wadda ke samuwa sosai sama da Kelbin 1,800, za ta fito fiye da gaskiya.

Kwatanta sakamakonka da awon a nisan ninki 15, 30 da 45 na faɗin bututu daga bakinsa. Fara duba gudu, sannan cakuɗa, sannan zafi, iskar CO (carbon monoxide) da NO a ƙarshe. A tsakiyar feshin, ƙololuwar zafi tana kusa da ninki 45. In taka ta faɗo a 35, koma kan cakuɗar.