Yadda Ake Bin Diddigin Sojan Ailan da Amurka Ta Karrama

Yunwar da ta afka wa ƙasar Ailan tsakanin 1845 da 1852 ta kori jama'a masu ɗimbin yawa zuwa Amurka, kuma da dama daga cikin samarinsu sun shiga aikin soja, aka tura su yammacin ƙasar domin yaƙi da ƙabilun da suka riga Turawa zama a can. Mai son bin diddigin ɗayansu da aka ba lambar jarumtaka mafi daraja, wato Medal of Honor, ya fara da gajeren bayanin yabon da ke tare da lambar, wanda ana samunsa a shafin intanet na ƙungiyar waɗanda aka karrama da ita. Ya kwafe sunan rundunar, da wurin da aka gwabza, da ranar.

Bernard Irwin misali ne mai kyau. An haife shi a gundumar Roscommon ta Ailan a 1830, ya zama likitan soja, kuma a watan Fabrairun 1861 ya jagoranci sojoji 14 a kan alfadarai zuwa mashigar Apache da ke Arizona ta yau, domin kai ɗauki ga Laftanar George Bascom, wanda ke fafatawa da ƙabilar Apache. Sai a 1894 aka ba shi lambar. Don haka kada mai bincike ya haɗa ranar aikin da ranar karramawa, domin tazarar tana iya kaiwa shekaru talatin.

Daga nan sai ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Washinton. Idan mutumin ƙaramin soja ne, rajistar ɗaukar sojoji ta 1798 zuwa 1914 takan nuna shekarunsa, da mahaifarsa, da sana'arsa, har da tsayinsa da launin idonsa. Hafsoshi irin su Irwin takardunsu daban suke. A nemi fayil ɗin fansho kuma, domin a cikinsa matar da aka bari takan ambaci cocin da aka ɗaura musu aure, kuma sau da yawa wannan ne kaɗai zai kai mutum ga ƙauyen asali.

Ɓangaren Ailan ya fi wuya. Gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa ba sai 1864, kuma gobarar da ta cinye ofishin adana takardu a Dublin a 1922 ta lashe kusan duka ƙidayar jama'a ta 1821 zuwa 1851. Abin dogaro shi ne littattafan baftisma na cocin Katolika, waɗanda ɗakin karatu na ƙasar Ailan ya sa a intanet a 2015. A gwada rubutun suna ta hanyoyi daban-daban, tun da magatakardan soja yadda kunnensu ya ji suke rubutawa.

A ganina, wanda ya tsaya a kan bayanin yabon bai yi rabin aikin ba. Bayanin Irwin bai faɗi cewa Bascom ya zargi shugaban Apache, Cochise, da sace wani yaro alhali ba mutanensa suka yi ba, ko cewa sojoji sun rataye Apache shida, har da ɗan'uwan Cochise, abin da ya hura wutar yaƙin da bai lafa ba sai 1872. A karanta rahoton rundunar, sannan a nemi abin da jikokin Apache suka adana a baka, a rubuta su gefe da gefe tare da nuna inda suka saɓa.