Yadda Ake Gudanar da Zaman Wayar da Kai kan Ƙanjamau a Unguwa

Kafin ka shimfiɗa tabarma, fara zuwa ƙofar mai unguwa da ta liman. Ka gaya musu abin da za a tattauna filla-filla, har da batun kwaroron roba, kada su tsinci maganar a bakin wani. Daga nan ka nemi ungozoma da wanzamin unguwar, domin suna shiga gidajen da kai ba ka isa ka shiga ba. In ka tsallake waɗannan mutane, ko an taru a zaman farko, a na biyu tabarma kaɗai za ka tarar.

A raba maza da mata, mace ta ja zaman mata. Mutum 15 zuwa 20 sun isa, in an fi haka mai tambaya zai haɗiye tambayarsa. Mata sun fi samuwa bayan an sauke abincin rana, maza kuwa a majalisa bayan isha'i. A kauce wa ranar kasuwa.

Kula da harshenka. Kada ka bari a kira cutar "kabari kusa" a zamanka ba ka gyara ba, domin mai yiwuwa akwai mai ɗauke da cutar a kan tabarmar, yana sauraro. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da HIV a Najeriya, kuma ba a gane su a fuska. Ka bayyana cewa HIV ƙwayar cuta ce mai raunana garkuwar jiki, ƙanjamau kuwa matakin da ake kaiwa ne idan ba a sha magani ba. Ƙwayar tana bin saduwa, da jini, da ciki ko haihuwa ko nono. Sauro ba ya ɗaukarta, haka cin abinci a kwano ɗaya ko buta. Wanzami kuwa, a yi masa magana da girmamawa: reza sabuwa ga kowane yaro a wurin kaciya, ko a tafasa aska bayan an wanke ta, ba a goge ta da tsumma kawai ba.

Wurin gwaji ne aiki ya fi lalacewa, kuma galibi ba na'ura ce ke jawowa ba, idon jama'a ne. Idan mai lafiya ya fito cikin minti biyar, wani kuma ya yi rabin awa ya fito ido ja, an gama tona masa asiri ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Don haka a sami ɗaki mai ƙofa, a ba kowa lokaci iri ɗaya, kamar minti 20, kowa ya fito da takarda iri ɗaya a ninke. Rajista kada ta kwana a kan benci. Ba a gwada kowa sai da yardarsa, ko da miji ne ya kawo matarsa. Gwajin farko in ya nuna alama, sai an tabbatar da shi da wani kafin a ce mutum na da cutar. Wanda gwajinsa bai nuna ba amma ya shiga haɗari kwanan nan, ya dawo bayan wata uku, domin ƙwayar kan ɓoye wa gwajin gaggawa a farkon shigarta.

Wanda aka samu da ita, kada a miƙa masa takarda a ce "je ka asibiti". Da yawa a hanya suke juyawa. A raka shi. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, yawanci ƙwaya ɗaya a rana, kuma wanda ya riƙe shi har gwaji ya daina ganin ƙwayar a jininsa ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Wannan maganar ka nanata ta, don ita ce ke sa magidanci mai mata biyu ko uku ya yarda a gwada gidansa duka. Mai juna biyu da ke ɗauke da ƙwayar in ba ta shan magani, kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari na jarirai kan kamu. Da magani abin kan sauko ƙasa da kashi 5. A ba jariri maganinsa na ruwa tun haihuwa, a gwada shi a mako na shida.

Batun haƙƙi kuma a faɗe shi a fili. Dokar tarayya ta 2014 ta hana korar mutum daga aiki ko nuna masa wariya saboda HIV. A Kano, dokar 2024 ta wajabta gwaji kafin aure, ga budurwa da bazawara da ango duka, amma sakamako na ma'auratan ne, ba na 'yan ɗaurin aure ba. Wadda aka yi wa fyaɗe a kai ta asibiti cikin awa 72 a fara mata maganin rigakafin gaggawa na kwana 28. Iyaye kan ɓata kwanakin nan wajen sasanci a zaure, lokaci ya wuce.

In za ka raba kwaroron roba, nuna yadda ake duba ranar lalacewarsa da yadda ake matse kansa a fitar da iska. Kada a aje shi a aljihun wando ko inda rana ke duka, kada kuma a shafa masa man kaɗanya ko basilin, domin maiƙo na cinye robar ta fashe.