Ku rubuta hutun ma'aikata tun farkon shekara

Assalamu alaikum 'yan uwa masu shaguna da ƙananan kamfanoni a Abuja. Ga shawara ga duk wanda yaransa ke barin aiki bayan sun ƙware.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci hutun aƙalla kwana 6 na aiki da albashinsa bayan ya cika wata 12, da kwana 12 na rashin lafiya a shekara idan likita ya tabbatar. Mai haihuwa tana da mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata 6 tana aiki. A ganina kwana 6 ya yi kaɗan ga wanda iyayensa ke Katsina ko Gombe, hanya kaɗai za ta cinye masa biyu. In da hali ku ba da mako biyu.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ku zauna da su a watan Janairu ku raba ranakun a takarda. Musulmi su tafi Sallah, Kiristoci su riƙe shago, Kirsimeti kuma a sauya. Kowa ya san ranarsa, ba sai ya zo yana roƙo ba, kuma kada a yanke masa ko sisi.

Sai kuɗin mota. Mai zuwa Wuse kullum daga Mararraba ko Suleja, abin hawa ne ke cinye albashinsa. Ku ware masa wannan daban, ku riƙa duba shi duk lokacin da man fetur ya tashi.