Yadda ake zaɓa da haɗa ƙyallen ƙari da shimfiɗar ciki na ƙunzugun jarirai

Tsadar famfas ta sa iyaye mata da dama sun koma ga ƙunzugun yadi, wanda ake wankewa a sake ɗaura shi, sai dai ba a cika daɗewa ba uwa take fara kukan cewa fitsari yana ratsa shi ya jiƙa zanin goyo da shimfiɗar gado, musamman da daddare ko bayan yaro ya yi wayo ya fara shan ruwa da kunu. Maganin wannan matsala ƙyalle biyu ne ƙanana, kuma aikinsu ya sha bamban. Na farko shi ne ƙyallen ƙari, wanda ake sakawa cikin ƙunzugu domin ya shanye fitsari ya riƙe shi. Na biyu kuwa shimfiɗar ciki ce, wadda take taɓa fatar yaro kai tsaye, ta bar fitsari ya wuce ƙasa, ta tare kashi a sama. Duk wadda ta gane wannan bambanci za ta iya haɗa su da kayan da ke cikin gidanta, ba tare da ta sayi na kanti ba.

A wajen ƙyallen ƙari, a ganina babu abin da ya kai auduga amfani ga mai neman sauƙin kuɗi. Tsohon tawul na auduga zalla, da yadin fulanel mai ɗan gashi-gashi irin na zannuwan naɗe jarirai, da tsohuwar singileti, duk suna shan ruwa sosai, kuma tsufansu riba ne, domin sabuwar auduga tana ɗauke da maiƙo na asali da kuma sitacin masaƙa, waɗanda sai an yi ta wanki suke fita. Saboda haka idan sabon yadi aka yanko, a wanke shi sau uku ko huɗu kafin a yanka, domin ya gama tsukewa ya fara shan ruwa yadda ya kamata. Sabuwar atamfa ba ta dace da wannan aiki ba, ga santsi ga zubar da rini, amma tsohon zanin auduga da ya sha wanki har ya yi laushi yana aiki idan aka ninka shi da yawa. A Kano ana samun tawul da barguna na gwanjo a kasuwar Ƙofar Wambai, sabon yadi kuma a Kantin Kwari, kuma kayan gwanjo sai an wanke su da ruwan zafi an shanya a rana kafin su kusanci jikin jariri.

Abin da ya kamata a kiyaye shi ne yadi da yawa da ake sayarwa da sunan auduga gauraye yake da zaren roba. Hanyar ganewa ita ce a yanki ɗan guntu a kusantar da shi ga wutar ashana, a nesa da yara: auduga tana ci da wuta da ƙauri irin na takarda, ta bar toka mai laushi, shi kuwa zaren roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Bayan haka a ɗiga cokali ɗaya na ruwa a kan yadin, idan ya shige nan take to ya yi, idan kuma ya tsaya yana gangarewa a ajiye shi don wani aikin.

Ƙunzugun zamani masu maɓallai da aljihu galibi suna zuwa da ƙyallen maikurofaiba, irin yadin da ake goge mota da gilashi da shi. Yana shan ruwa da sauri ƙwarai, yana kuma bushewa da wuri, amma yana da illa biyu da ba a cika faɗa wa masu saye ba. Da zarar an matse shi sai ya sako ruwan da ya sha kamar soso, kuma yaron da ake goyawa a baya ko yake zaune kullum cikin matse shi yake. Sannan bai kamata ya taɓa fata ba, domin yana tsotse damshinta har ta bushe ta yi ja. Idan ana da shi, a sa shi cikin aljihun ƙunzugu ko ƙarƙashin shimfiɗa, a kuma tara masa auduga a ƙasa domin ta kama abin da ya sako. Ƙa'idar jeri ke nan a ko da yaushe: mai saurin sha a sama, mai ƙarfin riƙewa a ƙasa. Akwai kuma ƙyallen zaren gora, wanda ya fi auduga riƙe ruwa kuma ba shi da kauri, sai dai yana da tsada yana kuma jinkirin bushewa, don haka guda biyu ko uku na dare sun wadatar ga wadda take da hali.

Wajen ɗinki, kuskuren da aka fi yi shi ne a tara yadi ninki shida ko takwas a ɗinke su wuri ɗaya su zama dunƙule mai kauri. Irin wannan ruwan wanki ba ya ratsa cikinsa, sabulu da fitsari suna maƙalewa a tsakiya, da damina kuma yakan kwana bai bushe ba, daga nan sai zarni da ƙuraje. Abin da ya fi shi ne a yanka yadin murabba'i, kimanin santimita 35 kowane ɓangare, a bar shi falle ɗaya idan tawul ne, ko falle biyu idan fulanel ne ko singileti, a daje bakinsa kawai. Lokacin amfani sai a ninka shi gida uku, ya koma dogo mai faɗin kusan santimita 12, wanda ya dace da tsakanin cinyoyin yaro, lokacin wanki kuma a warware shi ya wanku ya bushe cikin ɗan lokaci. Ga jariri sabon haihuwa a rage zuwa santimita 25 ko 28. Tawul yana zubar da zare idan ba a daje shi ba, don haka a kai wa tela ya bi bakin da keken daji, ko a kalmashe shi da allura a hannu, sannan a yanke duk wani zare da ya yi saura, domin zare mai tsawo yana iya naɗe yatsan jariri ko gabansa ya hana jini gudana.

Shimfiɗar ciki ta fi sauƙin haɗawa, domin almakashi kaɗai take bukata. Ana yin ta da siririn bargon jarirai mai laushi na zaren roba, wanda ake kira filis, saboda ba ya shan ruwa kuma bakinsa ba ya warwarewa. A yanka shi tsawon santimita 30 zuwa 33, faɗi kuma 13 zuwa 15, wato faɗinsa ya ɗan ɗara na ninkakken ƙyallen ƙari, kuma bargo ɗaya yana iya ba da guda ashirin ko fiye. Kafin a yanka duka, a ɗora gefen bargon a kan tawul, a zuba masa ruwa kaɗan a danna da tafin hannu. Idan ruwan ya wuce cikin tawul saman ya zauna kusan a bushe, an dace. Mai kauri sosai kan hana ruwa wucewa ya tura shi gefe. Wani amfanin shimfiɗar shi ne tana kare ƙunzugu daga man basilin da sauran mayukan da ake shafa wa yaro, waɗanda suke toshe zaren auduga su hana shi shan ruwa. Wasu yaran fatarsu ba ta jituwa da zaren roba a lokacin zafi, su sai a yi musu da siririn yadin auduga, a riƙa canzawa da wuri tunda shi yana zama a jiƙe.

Wajen ɗaurawa, ga yaro namiji a matsar da ƙyallen ƙari gaba, ko a ƙara ninka shi ta nan, ga mace kuma a bar kaurin a tsakiya. Kada a cika ƙunzugu da ƙyalle har ya bar gibi a cinya, domin ta wannan gibin fitsari yake bi, kuma kada gefen ƙyalle ya leƙo waje da wandon roba, don zai ja ruwa zuwa tufafi. Da rana ƙyalle ɗaya ya isa, a canza bayan awa biyu zuwa uku, ko nan take idan an yi kashi, da daddare kuma a sa biyu. Ƙyallen ƙari goma zuwa sha biyu da shimfiɗa ashirin suna isar gidan da ake wanki kullum.

Idan an cire, a karkaɗe kashin a masai, a ɗauraye da ruwan sanyi tukuna, sannan a wanke da omo da ruwa mai zafi, a yi ta ɗauraya har kumfa ya ƙare. Sabulun sanda yakan bar danƙo a jikin zare idan ruwan rijiya mai gishiri-gishiri ne, haka ma ruwan ƙamshin nan na tausasa tufafi, duka biyun suna rage shan ruwa. A shanya a igiya cikin rana, ba a ƙasa ba, domin rana tana kore tabon kashi, kuma a wuraren da ke da damshi akwai wani ƙuda da yake yin ƙwai a kan tufafi masu jiƙe da aka bari a inuwa, tsutsarsa ta shiga fata. Guga tana kashe ƙwan a jikin auduga, amma kada a ɗora dutsen guga a kan filis ko maikurofaiba, narkewa za su yi. Da hunturu tawul yakan bushe ya yi ƙarfi, sai a murza shi da hannu ya saki. Idan fatar yaro ta yi ja, a riƙa barinsa ba ƙunzugu na ɗan lokaci ya sha iska, idan kuwa jan ya wuce kwana uku, ko ya shiga matsematsi da ƙananan ƙuraje a gefe, ko ya zo da zazzaɓi, a kai shi asibiti a duba shi.