Rajista Daban, Ƙungiya Daban: Shawara ga Likitocin Fisiyo Masu Shirin Tafiya Ingila

A hutun da na zo gida bana, wasu ƙannenmu uku a wannan aiki na fisiyo, wato jinyar dawo da motsin jiki, sun same ni a Tudun Wada bayan la'asar, biyu daga cikinsu sun riga sun sami takardar ɗaukar aiki a Ingila, na ukun kuma yana jiran sakamakon jarrabawar Turanci. Mun ɗauki kusan awa biyu a zaure suna tambaya ina amsawa, a kan kuɗin haya da sanyin hunturu da wurin sayen naman halal da makarantar yara, amma har aka kira magariba babu wanda ya tambaye ni game da ƙungiyar da za ta tsaya masa idan wata matsala ta taso a wurin aiki. Da na tayar da zancen, sai ɗayansu ya ce, "Ai Yaya, mun gama da wannan, rajistarmu ta fito." Irin fahimtar da ni ma na tafi da ita ke nan daga Zariya, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Rajista da ƙungiya abubuwa biyu ne mabambanta. Hukumar da ta ba ku rajista, wato HCPC, hukuma ce da doka ta kafa domin kare marasa lafiya, tana kula da sana'o'in lafiya 15, kuma babu wanda ya isa ya kira kansa likitan fisiyo a Birtaniya sai sunansa na cikin kundinta. Ita ce takwarar MRTB, hukumar da ke yi mana rajista a nan gida, wadda aka kafa a 1988. Tana buƙatar a sabunta rajista duk bayan shekara 2, kuma a kowane zagaye takan zaɓi kashi 2.5 cikin ɗari na masu rajista ta ce su kawo shaidar ƙarin ilimin da suka nema. Idan wani ya kai ƙararku, ita ce mai bincike, ita ce kuma mai iya dakatar da ku ko ta soke sunanku. Saboda haka kuɗin da kuke biyanta kuɗin izinin aiki ne, ba ya saya muku mai kare ku a gabanta.

Mai kare ku ita ce Chartered Society of Physiotherapy, wadda kowa ke kira CSP, mai mambobi sama da 60,000. A gida mun saba da rabon aiki: ƙungiyar likitocin fisiyo ta ƙasa, NSP, wadda ta fara a 1959, tana kula da martabar sana'a da tarurrukan ilimi, maganar albashi da yajin aiki kuma ta fi fitowa ta bakin gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya, JOHESU. A can CSP ta haɗa duka biyun, ƙungiyar ƙwararru ce kuma ƙungiyar ƙwadago ce mai rajista tun 1976, tana kuma cikin babbar gamayyar ƙwadago ta ƙasar, TUC. Shiga cikinta ba dole ba ne, kuma wannan ne ke yaudarar sabon zuwa, wanda ke lissafin kowane fam da naira, ya ga kuɗin wata-wata ya ce bari ya jira sai ya zauna da gindinsa.

Asalin ƙungiyar ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin yana bayyana halinta na yau. A 1894 mujallar likitocin Birtaniya ta fallasa wasu gidajen tausa a Landan da ake fakewa da su ana aikata masha'a, abin da ya zubar da mutuncin duk mai sana'ar tausa. Sai wasu mata huɗu ma'aikatan jinya da ungozoma, cikinsu har da Rosalind Paget da Lucy Robinson, suka kafa ƙungiyar masu tausa da suka sami horo, suka tsara jarrabawa da ƙa'idojin ɗa'a domin a bambanta su da waɗancan. A 1920 Sarki Joji na 5 ya ba ta takardar amincewar masarauta, a 1944 kuma ta ɗauki sunan da take amsawa yanzu. Mu da har yau wasu majinyata a asibitin koyarwa na Shika ke kiranmu masu gashin ƙashi, ko su ɗauka aikinmu matsa jiki ne kawai, mun san zafin neman a gane sana'ar mutum. Wannan fafutukar ce ta kai ga cewa tun 1977 likitan fisiyo a can yana da ikon duba majinyaci ya yanke shawarar maganin da ya dace da kansa, daga 2013 wanda ya yi ƙarin horo a Ingila yana iya rubuta magani, daga 2022 kuma yana iya ba ma'aikaci takardar hutun rashin lafiya.

A saman tsarin mulkin ƙungiyar akwai majalisar gudanarwa mai mutum 12, waɗanda mambobi ne ke zaɓarsu da ƙuri'a, kuma su ma mambobi ne masu aikin asibiti ko koyarwa ko shugabancin sashe kamar kowa. Kafin gyaran da ya fara aiki a 2018 majalisar ta fi haka yawa, kujerun kuma an raba su ne bisa yankuna da rukunoni, sai aka rage ta domin a riƙa yanke shawara cikin sauri. Majalisar ce ke tsara alƙibla, ta amince da kasafin kuɗi, ta sa ido a kan babban jami'in gudanarwa da ma'aikatan ofis, waɗanda albashi ake biyansu kuma ba zaɓarsu ake yi ba. A ƙarƙashinta akwai kwamitoci, ciki har da ɗaya na harkokin ɗaukar aiki da albashi, ɗaya na harkokin sana'a da ilimi, ɗaya na kuɗi da binciken asusu, kuma idan gurbi ya samu akan yi shela mamba ya nema. Ban da wannan akwai babban taron shekara na mambobi, inda ake gabatar da rahoton kuɗi da duk wani sauyi ga dokokin ƙungiya. Ishmael Beckford, baƙar fata, ya riƙe shugabancin wannan majalisa, abin da nake ambata domin waɗanda ke zaton kujerun an keɓe wa wasu ne.

A shekarata ta farko takardun zaɓen majalisa sun iso ni, ɗauke da hoton kowane ɗan takara da taƙaitaccen bayanin abin da yake son yi, na duba na ga babu wanda na sani, na ajiye har wa'adi ya wuce. Na zo da tunanin gida, inda ake sanin ɗan takara ta hanyar wanda ya koyar da shi da asibitin da ya fito da kuma wanda ya kira ka ya ce ga namu. A can bayanin nan da aka rubuta shi ne yaƙin neman zaɓen, kuma minti goma sun isa mutum ya karanta ya ga wane ne ya ambaci halin ma'aikatan da suka yi karatu a ƙasashen waje, wane ne kuma bai san da zamansu ba.

Hanyar da muryar mamba ke hawa sama ita ce taron wakilai na shekara, wanda ake kira ARC. Wakilan wuraren aiki da na yankunan Ingila, da na Sikotilan da Wales da Ayalan ta Arewa, da ɗalibai da mataimakan likitocin fisiyo da rukunonin ƙwararru, kowa na iya kawo ƙuduri a rubuce, a karanta, a yi muhawara, a kaɗa ƙuri'a. Ƙudurin da ya tsallake yana zuwa gaban majalisa ta duba, ta kuma bayyana abin da ta yi a kansa. A ganina nan ne raunin tsarin yake, domin amincewar taron ba ta tilasta wa majalisa aiwatarwa, kuma ƙuduri na iya shekara ana cewa ana nazarinsa. Duk da haka ita ce ƙofar da ke buɗe, kuma batun da ya dami baƙi irinmu, kamar rashin lissafa shekarun aikin da mutum ya yi a gida wajen ajiye shi a matakin albashi, ta nan ne yake samun shiga rubutaccen tarihi, maimakon ya ƙare a hirar da muke yi tsakaninmu bayan sallar Juma'a.

Amma wanda ya fi kusa da ku a duk wannan tsari shi ne wakilin ƙungiya na wurin aikinku, wanda suke kira sitiwad. Abokin aiki ne da 'yan uwansa suka zaɓa, ƙungiya ta ba shi horo, doka kuma ta ba shi lokaci a cikin sa'o'in aiki domin ya yi wannan hidima. Akwai kuma wakilin lafiya da tsaron ma'aikata, mai duba kayan ɗaga majinyata da yawan aiki da makamantansu. Yawanci za ku ga sunayensu a allon sanarwa na ɗakin shan shayin ma'aikata, a tsakanin jadawalin hutu da tallar kekuna. Ku nemi wakilin a makonku na farko ku gabatar da kanku, tun babu abin da ya faru.

Ni sai da abu ya faru na nemi wakiliyarmu. Wata bakwai da fara aikina a wani asibiti, 'yar wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki ta rubuta ƙorafi cewa na fara motsa kafaɗar mahaifinta ba tare da na nemi izininsa ba. Na nema, kuma ya gyaɗa kai, sai dai ban rubuta hakan a fayil ba, domin ban saba rubuta irin wannan ba. Wasiƙar gayyata zuwa zaman ladabtarwa ta zo mini ranar Talata, kuma a daren nan ban runtsa ba, ina tunanin biza da kuɗin da na ranto na yi tafiya. Wakiliyar, wata mace mai kimanin shekara hamsin da ke aiki a sashen numfashi, ta zauna da ni da ƙaramin littafinta, ta nemi kwafin ƙorafin da na dokar asibitin a kan rubuta bayanan majinyata, sannan ta sa aka ɗaga zaman zuwa ranar da za ta samu halarta, domin doka ta ba ma'aikaci ikon zuwa da wakilin ƙungiya irin wannan zama, da ikon neman ɗagawa har kwana 5 na aiki idan wakilin ba zai samu zuwa ba. Ta lura ina yawan cewa a yi haƙuri, sai ta ce in daina ba da haƙuri a kan takardar da ban gama karantawa ba. Tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai a gaban na gaba abu ne mai kyau a zauren mahaifi, amma a irin wannan ɗaki ana iya rubuta ta a matsayin amsa laifi. A zaman, tambaya ɗaya ta yi wadda ta sauya komai: ko an ba ni horon tsarin rubuta fayil da ake ba kowane sabon ma'aikaci? Aka duba aka ga ba a ba ni ba. Maganar ta ƙare da horon kwana biyu da sa ido na wata uku.

Abin da ya cece ni shi ne na riga na shiga ƙungiyar wata huɗu kafin ƙorafin. Ƙa'idar ƙungiyoyin ƙwadago a can ita ce ba su ɗaukar matsalar da ta faru kafin mutum ya zama mamba, kuma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wasu sababbin zuwa na tsoron cewa shiga ƙungiya zai ɓata su a wurin asibitin da ya ɗauki nauyin bizarsu. Doka ta haramta a cutar da ma'aikaci saboda yana cikin ƙungiyar ƙwadago, kuma sau da yawa shugabar sashen da kuke tsoro ita ma mamba ce. Hasali ma wanda zamansa a ƙasa ya rataya a kan aikinsa ya fi kowa buƙatar wakili, musamman wajen karanta sharaɗin da ke cikin wasu yarjejeniyoyin aiki na mayar da kuɗin da aka kashe wajen kawo mutum idan ya bar aiki da wuri. Idan kuma magana ta kai gaban HCPC, ƙungiyar na taimaka wa mamba da shawara da lauyoyi.

Akwai kuma inshorar kuskuren aiki, wadda HCPC ta sa ta zama sharaɗin rajista. Mai aiki a asibitin gwamnati na NHS yana ƙarƙashin kariyar asibitinsa a kan aikin da ya yi a can, amma wannan kariya ba ta bin sa waje. Da zarar 'yan uwa Hausawa sun san sana'arku, za a fara tare ku a ƙofar masallaci da ciwon ƙugu da gwiwar Hajiya, kuma kunya ba za ta bari ku ƙi ba. Kuɗin zama cikakken mamba ya ƙunshi inshora, sai dai tana da sharuɗɗa, ciki har da tsayawa a kan abin da mutum ya ƙware a kai da ajiye rubutaccen bayani, don haka ku karanta su, ku kuma duba abin da bizarku ta yarda da shi kafin ku taɓa kowa a falonsa.

Maganar albashi ba wakilin asibiti ke yanke ta ba. Ma'aikatan NHS suna kan tsarin matakai na ƙasa baki ɗaya, sabon likitan fisiyo yana farawa a mataki na 5, ƙungiyar kuma tana gabatar da hujjojinta tare da sauran ƙungiyoyin lafiya. A ranar 26 ga Janairun 2023 mambobinta a Ingila suka yi yajin aikinsu na farko a kan albashi. Wanda ya saba da sanarwar yajin aiki daga uwar ƙungiya zai yi mamakin tsarin: sai da aka aika wa kowane mamba takardar ƙuri'a ta gidan waya, kuma dokar lokacin ta ce sai aƙalla rabin waɗanda aka aika wa sun mayar kafin sakamakon ya yi aiki, wannan na cikin dalilan da suka sa wasu asibitoci suka shiga yajin wasu ba su shiga ba. Sabon zuwa yakan sauya gida sau biyu ko uku a shekarar farko, don haka duk lokacin da kuka tashi ku sabunta adireshi da sunan wurin aikinku a wurin ƙungiya, in ba haka ba takardar za ta faɗa ƙofar tsohon gida a lissafa ku cikin waɗanda ba su amsa ba.

Rukunonin ƙwararru, irin na masu aikin jijiyoyi da na yara da na numfashi, suna da nasu ƙaramin kuɗin shiga, kuma a tarukansu ake jin labarin gurbin mataki na 6. Akwai kuma rukunin mambobi baƙar fata da 'yan Asiya da sauran tsiraru, inda za ku haɗu da 'yan Najeriya da suka riga ku. Wanda ya isa can kafin rajistarsa ta fito, yana aikin mataimaki, yana iya shiga a matsayin mamba na rukunin mataimaka, ya koma cikakke daga baya. Kafin ku bar Zariya ku karɓi takardar da ke nuna shekarun aikinku da sassan da kuka zagaya, da sa hannun shugaban sashe da hatimi, domin da ita wakili zai yi muku jayayyar matakin albashi. Ku riƙa ajiye rasit ɗin kuɗin CSP da na HCPC, domin hukumar haraji ta Birtaniya na rage haraji a kansu ga wanda ya nema.